Baba Haladu, Wanda Ya Hana Mu Ɗinka Yadin Roba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina sauka daga adaidaita a ƙofar kamfani yau da safe aka kira ni, wai Baba Haladu ya rasu bayan sallar asuba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon nan mai shagon buga tambari a riguna a Sharada. Ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Bompai, da aka rufe ta ya dawo nan.

Na san shi ne lokacin da mu 'yan sashen walda muka shirya yin rigunan anko masu tambarin ƙungiyarmu. Ni aka wakilta. Na samo samfurin wani yadi mai sheƙi, ga santsi ga araha, kowa a guruf ɗinmu na waya ya ce shi za a yi.

Baba ya karɓa, ya murza, ya ɗaga sama ya duba saƙar. Sai ya tambaye ni aikin me muke yi. Na ce walda.

Sai ya zaro zare ɗaya daga bakin yadin ya ƙyasta ashana. Zaren ya narke ya dunƙule, yana warin leda. Ya ƙona na auduga, ya zama toka, ya hure ta.

Ya ce, "Ɗana, wannan in tartsatsi ya faɗa masa, da fatarka zai haɗe. In kun dage ku kai wani wurin, ni dai hannuna ba zai buga muku shi ba."

Gaskiya na ji haushi. Wasu a cikinmu har cewa suka yi nasa yake so ya sayar mana. Alhali ko yadi ɗaya ba ya sayarwa.

Washegari ya rufe shagonsa ya raka ni kasuwa. Muka yi ta shiga rumfa muna fita. Ya nuna min yadda ake jiƙa bakin yadi a goga a farin hankici a ga ko yana zuba. Ya ce kar mu ɗauki shara-shara, ba ya riƙe bugu, kuma tela ya ƙara faɗi don auduga tana tsukewa a wankin farko. Ko ruwa bai bari na saya masa ba.

Bayan 'yan watanni wuta ta kama gaban rigar ankon audugar a jikin Isiyaku, abokin aikinmu mutumin Damagaram. Ya ƙone a ƙirji da hannu, amma rigar ba ta manne masa ba. Nas ɗin da ta wanke ciwon ta ce da roba ce a jikinsa, da sai an haɗa da fata wajen cirewa.

Da na kai wa Baba labari, bai ce ai na faɗa muku ba. Asibitin kawai ya tambaya. Ya je da lemo da ayaba, daga baya ya buga wa Isiyaku sabuwar riga kyauta.

Juma'ar da ta wuce na biya ta shagonsa. Ya rame, yana ta tari, amma yana zaune kan bencinsa. Na ce Baba ku je gida ku huta mana. Ya yi murmushi, ya tambayi hannun Isiyaku, sannan ya ce, "Na ji an ɗauki sababbi a sashenku. Ka kawo min su in ga abin da suke sawa."

Na ce sati mai zuwa in sha Allah.

Ban kai su ba.

Ɗazu muka kai shi makwancinsa daga gidansa da ke Hotoro. Isiyaku ne a gaban makara, ya ƙi sakar wa kowa har muka isa.

Allah Ka jiƙan Baba Haladu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare mana fatarmu a duniya, Ka tsare tasa daga wuta. Ka ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.