Kalmar da ta hana Datti ajiye keke

Datti Bakano ne haihuwar unguwar Shisha a Makka. Shekara talatin yana tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa. In suna addu'a bakinsa gum yake, amma da zarar sun gama zagaye na bakwai sai ya tambaya: a garinku, me 'yan tasha ke kiran kuɗi, kuma daga ina sunan ya fito? Ya rubuta amsar a wani littafi da ya sha gumi. Wasu na tara riyal, shi sunayensa ya tara.

Wata shekara ya tura wani dattijo ɗan ƙasar Folan. Dattijon ya ce masa "kapusta". Kafin ya yi bayani, 'yan tawagarsa suka zo suka yi gaba da shi. Gurbin asalin kalmar ya zauna fayau shekara goma sha ɗaya.

Gwiwoyin Datti suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce ya ajiye keke. Datti ya ce sai ya cike gurbin nan.

'Yarsa Hadil ta ce, "Yaa Baba, wallahi minti ɗaya zan duba maka a jawwal."

"Wayar taki ta taɓa zuwa Folan? Ni daga bakin mai harshe nake karɓa."

Alhazan Folan kuwa ba su da yawa, kuma akasarinsu da ƙafarsu suke sa'ayi. Haka ya yi ta leƙen tutar da ke jikin jakunkunan mutane, har abokan aikinsa suka sa masa suna Jawazat, wato masu duba fasfo.

A Ramadanan bara ya dace da wata tsohuwa 'yar Folan da jikanta mai jin Larabci. Datti ya tura ta, ya ƙi karɓar ko sisi, sannan ya yi tambayarsa a kan "kapusta". Jikan ya yi dariya ya ce kabeji ne, wannan dai na miya. To me ya haɗa kabeji da kuɗi? Suka yi ƙus-ƙus da kakar. Ta ce wataƙila don ganyensa kore ne kamar dala, amma ba za ta rantse ba, ballantana a nan wurin.

Datti ya rubuta, ya ƙara da cewa mai ruwayar tana kokwanto. Bayan sallah ya miƙa keken ga wani.

Yanzu yana gida, ƙafa a kan matashi. Da na je gaishe shi na ce, "Alhaji, an dai huta."

Ya ce, "Ina fa hutu? Shaidar mutum ɗaya ce. Kai da ke jan tasi, in ka ɗauko ɗan Folan ka biyo da shi ta nan, akwai shayi."