Bututun da Ban Haɗa wa Kunne Ba

Ina tsugune ina yi wa wata ƙofa walda mai facin layinmu ya dafa kafaɗata. Ban kula shi ba sai da ya zare mini wayar wuta. Na ɗaga baƙin gilashi, na dube shi.

"Abokinka Kunne ne," ya ce. "An same shi zaune a cikin motar nan ta babansu. Gareji a rufe, inji yana ci. Rai ya yi halinsa."

Na yi salati. Idona ya tafi kan bututun salansa da ke jingine da bangon shagona, wanda ya kamata a ce kwana biyar ke nan yana jikin motar, yana fitar da hayaƙi waje ta tagar bayan garejin.

Marigayin bakanike ne, shekara talatin da ɗaya garejinsa na kallon shagona. Kunne ake ce masa saboda yadda yake duba mota. Sai ya dafa bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa maka ciwonta kafin ka gama gaisuwa. Ni kuwa Tartsatsi yake kirana. Bai iya faɗa ba. Idan ka ɓata masa rai sai ya ɗauki tsumma ya yi ta goge sifanar da ba ta da datti.

A kusurwar garejin akwai wata shuɗiyar akori-kura ta babansu, wadda tsohon ya yi dakon yashi da ita ya ciyar da 'ya'ya bakwai. Injinta ya fashe a shekarar da tsohon ya rasu, kayanta kuma sun ɓace a kasuwa. Shekara sha ɗaya tana ƙarƙashin tamfol. Rannan sai ga Kunne ya dawo daga wajen 'yan gwangwan da wani ɗan inji a baro, da ƙyar ya fi tukunyar gas girma. Rotari ne, in ji shi, daga wata motar tsere da ta yi haɗari. Ba shi da fistan ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyi a ciki.

"Za ka sa wa jaki zuciyar barewa," na ce.

"Kai dai kawo wutarka."

Wata goma muka yi. Ƙafafun injin ba su dace da mazauninsu ba, na yanka sababbi. Bakin giyabos ya ƙi haɗuwa da shi, sau uku muna sare faifan ƙarfe, na ukun ma sai da Kunne ya yi kwana huɗu yana cin ramukan da zarto. Da injin ya zauna sai gindinsa ya riƙa dukan ƙarfen ƙasa. Ga zafi kamar maƙera, lagireto ɗaya bai ishe shi ba. Ga shan baƙin mai, har a cikin fetur ake zuba masa. Babban halinsa kuwa, idan ka tayar da shi ba a kashe shi da sanyi. Sai ka jira allurar zafi ta hau, in ba haka ba mai ya jiƙa fulogi, gobe ya ƙi tashi ko za ka yi kuka.

Ranar da ya fara tashi, ba salansa, har kwanon rufi sai da ya amsa. Innarsu ta zo da sandarta, ta toshe kunne ɗaya.

"Motar babanku ba ta taɓa yi mini tsawa ba."

"Inna, Tartsatsi zai rufe mata baki. Sai in kai ki gidan Goggo a kujerar gaba, inda kika saba zama."

Ta shafa ƙofar motar, ta daɗe hannunta na wurin.

A makon nan ne matar telan da ke jikin garejin ta haifi tagwaye. Kunne ya riƙa jin kukansu duk lokacin da ya tayar da inji, abin ya dame shi. Shi ya auna bututun salansa da kansa, ya kawo mini in haɗa. Aikin awa biyu ne. Ni kuwa mai ƙofar da nake yi wa walda ya tsaya mini a wuya.

Bayan an kai shi makwancinsa na je gaida Inna. Ta kama hannuna ta ce kwana ne ya ƙare, kada in sa wa raina komai. Matarsa ma haka ta ce. Ba su san abin da na sani ba. Tun ranar, duk sa'ad da na kashe injin walda shago ya yi shiru, sai in ji bugun injin nan mai tsalle-tsalle daga tsallaken titi, kamar mai tari yana jiran a amsa masa. In leƙa, kwaɗo na nan a ƙofar gareji. Na tambayi mai faci sau ɗaya ko yana ji. Ya dube ni, ya ce in rage zama ni kaɗai.

Ana gobe abin zai faru, da la'asar, Kunne ya tsallako shagona yana goge hannu. Ya ƙwanƙwasa bututun da ɗan yatsa.

"Tartsatsi, har gizo-gizo ya kama haya a ciki."

"Jibi," na ce. "Wallahi jibi."

"Jibinka ya fi na tela nisa."

"To je ka ba telan ya ɗinka maka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na sauke gilashi, na kai wuta kan ƙarfe. Ta cikin ƙarar na ji shi daga bakin ƙofa.

"Da safe zan ɗan ɗumama motar, kada ta manta da ni. Zan ja ƙofa saboda jariran nan."

Ban ɗago ba.

"To," na ce, "ja."