Ranar Da Na Kai Kurfoti Ɗakin Gwaji a Kamazou

Mu uku ne ranar: ni, da 'yata Hadiza mai karatun kimiyya, da malaminta Dakta Bitrus, mutumin Filato.

Unguwar Mu'azu

Ƙarfe biyar da rabi muka fito. Hadiza ta rungumi kwalabenta, ni na ɗauki kurfoti da gawayin ƙirya. Sau biyu aikinta na lalacewa saboda ɗauke wuta. In na ukun ya lalace, sai ta maimaita shekara.

Mai keken da muka hau ya ce, "Hajiya, masa za a toya?"

Na ce, "Kai dai dubi hanya."

Sabo

Bakwai saura kwata muka sauka daga keke muka shiga mota. A ciki na sa Hadiza ta sake yi mini bayani. Ta ce waɗansu wayoyi ne na sinadarin zinki, irin farin da ke cikin man shafawar jarirai. Ido ba ya ganinsu don siranta. A kan gilashi suke tsirowa cikin ruwan zafi. Ruwan zai yi awa shida yana dab da tafasa, kada ya tafasa, kada ya huce. In zafi ya yi ta hawa da sauka, sai su fito wani mai kauri wani siriri.

Na ce, "Shi ke nan? Shekara talatin ina dama koko."

Kamazou

Takwas, a ɗakin gwaji, aka saka kwalba mai gilashin ciki a ruwan da lantarki ke zafafawa. Sha ɗaya saura aka ɗauke wuta. Hadiza ta dube ni. Ai tun tara na hura gawayina a baranda, tukunyar ruwa na kan wuta. Muka mayar da kwalbar ciki.

Dakta ya tsoma ma'auninsa na zafi. "Mama, kina ganin lambar nan?"

"Ban san lamba ba. Kukan ruwa nake saurare. Matsa, kana tare mini iska."

In ruwan ya fara tsaki in janye garwashi biyu, in ya yi shiru in yi fifita. A nan muka ci doya da ƙwai, ban tashi ba. Dakta ya auna har ya gaji, lambarsa ba ta kauce ba.

Ƙarfe biyu aka ciro gilashin. Ya yi fari bai ɗaya, ba dabbare-dabbare irin na da. Dakta ya ce sai babbar na'ura ta tabbatar, amma bai taɓa ganin na Hadiza haka ba.

Da magariba muka iso gida, Alhamdulillahi. Washegari, kafin in ɗora koko, na tsince manyan gawayin na ƙulle a buhu. Na ce duk wanda ya taɓa, ni da shi ne. Na makaranta ne.