Shanya a Filin Ƙwallona

Gwiwata ta dama ce ta kore ni daga ƙwallon kwando. Na yi shekaru ina buga wa jiha, ana tafa mini, amma ranar da gwiwar ta ce ɓas, ko sannu ba wanda ya biyo ni da ita gida. Aka ba ni usur, aka tura ni wata makarantar 'yan mata a wajen Tiga, wai in horar da na baya.

Filin da na tarar daɓen siminti ne da ya tsattsage, da ƙarafa biyu, ɗaya ba zobe. Wani mai walda a Ƙafin Maiyaki ya lanƙwasa mini rodi. Ni na cike ramukan, ni na ja layi da fenti. Abin da ban sani ba, duk yankin babu wurin shanya kamar wannan daɓen, kuma manoma sun riga ni sani.

Cikin yarana akwai wata 'yar Fulani, doguwa kamar karan dawa. Ba ta da surutu, amma in ta saki ƙwallo ba sai na duba zobe ba, na san ta shiga. Na je rugarsu, na durƙusa gaban mahaifinta, na roƙe shi ya bar mini ita ko za ta samu shiga ƙungiyar jiha. Ya ce, "Malama, bayan kaka za mu kora shanu wajen Doguwa. In mutanen Kano sun ɗauke ta kafin nan, na bar miki ita. In ba su ɗauka ba, da ita za mu tafi." Magana ɗaya ya yi, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Na yi ta naci har mai zaɓo wa jiha 'yan wasa ya yarda ya tsaya mana a hanyarsa ta zuwa Tudun Wada. Ranar da zai zo na fito da safe, sai na ga filina shimfiɗe da shinkafa shanshera, daga wannan ƙarfe har wancan.

Na nufi ofishin shugabar makaranta. Na ce, "Hajiya, yau fa baƙon zai zo."

Ta ce, "To ya zo mana. Shinkafar Alhajin da ya gyara mana famfo ce, kuma da danshi. Abinci kike so a kwashe saboda wasa?"

Wasa! Abin da na ba wa ƙuruciyata da ƙafata, shi ta kira wasa, tana gyara mayafi. Na juya na fita, don in na buɗe baki sai an kore ni. Ni da yaran muka ɗauki tsintsiya muka ture shinkafar daga rabin filin. Ba mu gama share ƙaiƙayi ba motar baƙon ta tsaya.

Yarinyar ta karɓi ƙwallo, ta taho da gudu, ta zo tashi ƙafarta ta zame a kan ƙwayoyin da suka rage. Ta faɗi tim. Ta miƙe, ta sake, amma yanzu ƙasa take kallo, ba zobe ba. Mutumin ya duba agogo, ya ce mini in ci gaba da ƙoƙari, ya shiga mota. Shinkafar kuwa ba a yi asarar ko tiya ɗaya ba. Na ji an ce ta bushe da kyau. Bayan kaka suka kora shanu, da yarinyar suka tafi.

Har yau ina wannan makarantar, ina hura usur rabin shekara, rabi kuma ina korar kaji daga shanyar mutane. Haushin bai tafi ba, ban kuma yi ƙoƙarin korarsa ba.

Bara na ga yarinyar a kasuwar Ƙafin Maiyaki, zaune bayan ƙwaryar nono. Wata mata ta miƙo kwano daga nesa, ita kuwa ta ɗauki curin fura ta cilla, da irin karya wuyan hannun da na koya mata. Ya faɗa tsakiyar kwanon. Sai ta ɗago ta gan ni, ta rusuna ta gaishe ni, ta yi murmushi.

"Malama, an kwashe shinkafar?"

Na ce mata bana masara ce.