Safar da Na Saƙa wa Sanyin Ofis

Shekarar da na kama aikin sakatariya a wata ma'aikata a Abuja, an dawo mulkin farar hula, kuɗi ya shigo, aka liƙa wa kowane ofis iyakwandishan. Ogana yakan ƙure ta tun safe. A waje rana na ƙona mutane, ni kuwa yatsuna sun ƙage a kan kwamfuta. Sabuwar ma'aikaciya ce ni, ina na ga bakin yin ƙorafi?

Sai dabara ta faɗo mini: safar hannu mara yatsu! Ran Asabar na garzaya kasuwar Utako, na sayo kwarashi da jan ulu. Mako biyu ina saƙa, a cikin bas, a lokacin hutun sallar azahar. Ramin babban yatsa sau huɗu ina warware shi. Da na gama, har lalle na sa, don yatsun su fito da kyau.

Ran Litinin na zura abata, na hau bugu kamar ana kiɗa. Oga ya leƙo, ya tsura wa hannuna ido.

"Malama, ciwo kika ji?"

"Sanyi ne, ranka ya daɗe."

"Ayya! Ai da kin faɗa tuntuni."

Ya miƙa hannu ya kashe na'urar.

Mako biyu fa! Wallahi ban cire ba. Haka na yi ta bugu, gumi na tsiyaya ta cikin ulun, har aka tashi.