Awon 'Yar Fari

A Dayi, in ka ce Sabuwa mai keke, ko ɗan acaɓan da ya zo garin jiya zai kai ka ƙofar gidan. Tun tana amarya a gidan Malam Rabe take taka keken ɗinki, kuma da wuya a kai yarinya ɗaki tsakanin Dayi da Malumfashi babu ɗinkinta a akwati. Mace ce mai baki. Amarya na shigowa za ta zaro tef daga wuya, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Ɗaga hannu, ke. Wannan ƙugun naki ne, ko tsumma kika cusa?" A yi ta dariya. Ba ta karɓar awon saƙo, ba ta gwaji da tsohuwar riga. Cewa take jikin mace sai an taɓa shi ake saninsa.

Mutum ɗaya ce tef ɗin nan bai taɓa zagayawa ba, ita ce Barakatu, 'yarta ta fari.

Dangin Sabuwa Fulanin gida ne. Shanun sun ƙare, Fulatancin ya tafi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ana yaye Barakatu, Adama yayar Malam Rabe ta goya ta sai Funtuwa. Sabuwa ba ta yi kuka a gaban kowa ba, aka yi ta yaba mata. Ba ta kama sunan yarinyar, "ta Funtuwa" take cewa. In ta zo hutu ta durƙusa gaisuwa, Sabuwa ta amsa tana kallon allura. Sonta kuwa kamar ya kashe ta. Tsokar da ta fi kowace a miya a kwanon yarinyar take ƙarewa, amma ta hannun ƙanne ake miƙawa. Wai ita ce tarbiyya, kuma wa ya isa ya ce ba haka ba.

Da aka sa ranar aure, ga miji ma'aikaci can Fatakwal, Adama ta sayi farin leshi mai duwatsu na rigar kamu, doguwar nan mai jela da 'yan mata ke yayi. Ba teloli ne suka ƙare a Funtuwa ba. Barakatu ce ta kafe sai Inna ta ɗinka, ta kuma hau mota ta kawo leshin da kanta.

Ta tarar da ɗakin cike da mata, masu jiran ɗinki da masu jiran gulma. Ta gaishe su, ta ajiye ƙunshin, sannan ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ɗaga hannuwa yadda ta ga ana yi. Har hannun Sabuwa ya kai ga tef, sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya.

"A ajiye kawai," in ji Sabuwa, idonta a kan keke. "Na ga jikin."

Ƙarya take, Allah ya gani. Yaushe ta kalle ta har da za ta ga jikin? Barakatu ta daɗe a tsaye kafin ta sauke hannuwan.

Sabuwa ta ture duk wani ɗinki ta rungumi wannan. Duwatsun gaban rigar da hannu ta jera su, har idonta ya riƙa ruwa. Amma duk yankan da za ta yi sai gabanta ya faɗi, don da ɗan leƙen da ta riƙa sata ta bayan labule shekara da shekaru take awo. Ta yi niyyar aikawa a kira yarinyar, ta fasa. Me za a ce? Rigar da ta tafi Funtuwa kyakkyawa ce, wannan kam babu musu.

Ranar kamu Sabuwa na ƙuryar ɗaki a gidan Adama, inda uwa ta gari ke ɓuya, sai ga Adama afujajan.

"Taso da allurarki. Riga ta ƙi shiga, ga mata sun cika wurin taro."

A wani ɗan ɗaki bayan wurin taron ta iske amarya zaune, hawaye ya fara ɓata kwalliya, zif ya tsaya a tsakiyar baya. Awon kafaɗun ƙaramar yarinya Sabuwa ta yanka, ga shi cikakkiyar mace ce a gabanta. Adama ta kora ƙawaye waje, ta bi su ta ja ƙofa.

Sabuwa ta farke gefe da gefe, ta yanko ƙyalle daga cikin jelar, ta fara ƙari a jikin mai rigar. Rabonta da fatar nan tun tana ƙarnin nono. Da ta zame rigar daga kafaɗar hagu sai ta ga tabo faffaɗa, ya tattare fatar har ƙasan allon kafaɗa.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan zafi ne, Inna. Ina aji biyu a firamare."

"Ba a faɗa mini ba."

"Gwaggo ta so aikawa. Baba ya ce a ƙyale ki, ko kin ji ba za ki iya zuwa ba, sai dai a tayar miki da hankali a banza. Na yi ta duban ƙofar asibiti."

Allura ta soki Sabuwa, ta yi maza ta tsotse jinin kada ya taɓa farin leshi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaskiya Malam ya faɗa. Ta ci gaba da ɗinki har zif ya hau.

A waje kiɗa ya tashi, mai sanarwa na kiran amarya. Barakatu ta miƙe, riga ta zauna ɗas.

"Inna, ki riƙe mini jelar mu shiga tare. Kowa ya san ke ce tela, ba wanda zai ce komai."

Sabuwa ta tattara jelar a hannu biyu ta bi bayanta. Ƙawaye na gaba suna rangaji, turaren wuta ya cika lungun. Murna da tsoro suka haɗe mata, don ba ta taɓa tafiya kusa da 'yarta haka a idon jama'a ba. Aka buɗe ƙofa. Fitilu suka haske su, wayoyi suka yi sama, guɗa ta kaure. A kujerun gaba kuwa ga tsofaffin Dayi a jere, har da ƙannen mahaifiyar Sabuwa, duk sun juyo. Ɗaya daga cikinsu ta kai gefen mayafi baki.

Ƙafafun Sabuwa suka kafe a bakin ƙofa. Ta ce wa ranta ai ɗan taku ne ya rage. Sai ta ga yatsunta sun buɗe da kansu.

Barakatu ta ji nauyin jelar ya dawo mata, leshin na jan ƙasa. Ta ɗan tsaya jim, sannan ta ɗaga kai ta ci gaba da tafiya cikin guɗa, babu kowa a bayanta. Ba ta waiwaya ba.