Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa Neman Gudun Kwamfuta

Ƙanƙara, Laraba

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, laftof ɗina a jaka, na naɗe ta da rawani don kada gargada ta jijjiga ta. Dalilin tafiyar shi ne kakanmu, Baba Tsoho. Na yi wata biyu ina ɗaukar bidiyonsa yana ba da tarihin gidanmu, na kuma yi wa dangi alkawarin za su kalla a taron zumunci ranar Asabar. Na gama yanke-yanke da jerawa, amma duk lokacin da na sa kwamfutar ta haɗa fim ɗin sai ta ce awa talatin da ɗaya. Sau biyu tana mutuwa a tsakiya.

A tasha na sami wata Golf, na biya dubu biyu da ɗari biyar zuwa Sheme. Ba mu tashi ba sai shida da minti ashirin, don direban, Malam Iro, ya ce ba ya hawa wannan hanya sai gari ya yi haske. A shingen sojoji na biyu aka ce in buɗe jaka.

"Mi ya same ta ka naɗa mata rawani?" in ji Malam Iro yana dariya.

"Ba ta da lafiya, asibiti za mu."

"To Allah ba ta lafiya. Ni ma wagga mota haka muke fama."

Faskari

Daga Sheme na hau babur, takwas da kwata ina ƙofar shagon Bashir, abokina tun sakandare, mai gyaran waya. Muka karya da ƙosai da koko, sannan ya kunna laftof ɗin ya buɗe wani shafi da ban taɓa kula da shi ba. Ya nuna mini lamba: 0.79.

"Wannan gudun firosesa ne, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin na'ura," in ji shi. "Ana auna shi da gigahaz. Taka a rubuce 1.6 ce, in aiki ya yi nauyi tana iya haurawa uku. Yanzu ko ɗaya ba ta kai ba."

Ya shiga saitin wuta ya mayar da shi kan ƙarfi duka, ya zare caja. Nan take lambar ta yi tsalle zuwa 3.4. Wallahi sai da na miƙe tsaye ina tafi! Murnar ba ta kai minti ɗaya ba. Fankar da ke cikinta ta fara kuka kamar injin markaɗe, lambar ta yi ta gangarowa, biyu, ɗaya da rabi, har ta koma inda take.

Na ce, "Ba a iya tilasta mata ta zauna a saman? Na ji ana yi."

"Ana yi wa manyan kwamfutocin tebur. Ni dai ilimina ya tsaya nan. Tafi Sabuwa wurin Malama Rabi, ita ta koya mani ɗan abin da na sani."

Ya kira mijinta, Malam Sanusi, ya shaida masa ina tafe.

Daudawa zuwa Sabuwa

Sha ɗaya saura na bar Faskari. A Daudawa motar ta tsaya ɗaukar buhunan masara, na sayi dafaffiyar gyaɗa ta ɗari biyu. Na sauya mota a Funtuwa, muka bi ta Ɗandume, shinge uku, ko'ina a sauke gilashi a gaisa a wuce. Dawa ta yi kai a gefen hanya har ba ka hango komai bayanta. Biyu da minti goma na sauka a Sabuwa.

Malam Sanusi ya tarbe ni ya kai ni zauren gidansu, inda Malama Rabi ke aiki. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau, ta yi karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya, yanzu tana koyarwa da safe tana gyara da yamma. Bayan gaisuwa na ce mata so nake a ƙara wa firosesa gudu.

"Malam Nura, irin taka masu ƙera ta sun kulle ta, ba a ƙara mata fiye da abin da aka yi ta da shi," in ji ta. "Amma ko nata gudun ba ta ba ka. Bari mu ga mi ke danne ta."

Ta kunna wata manhaja mai nuna zafi. Digiri casa'in da bakwai. Ta ce firosesa takan duba abu uku kafin ta yi gudu: nauyin aiki, zafin jikinta, da wutar da take samu. In zafi ya yi yawa sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Ta kwance bayan na'urar. Abin da ta zaro daga bakin fanka ƙura ce da ta dunƙule kamar ƙullin auduga, baƙa ƙirin. Kunya ta kama ni.

"A kan mi kake ɗora ta?"

"A kan katifa, Malama."

Malam Sanusi ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta kankare tsohon man rage zafi da ke kan firosesa, wanda ya bushe kamar yumɓu, ta ɗiga sabo daidai ƙwayar gero biyu, ta mayar ta ɗaure. Zafi ya sauko sittin da wani abu, lamba ta hau 3.6. Na fara hamdala. Sai ta jona cajata, lambar ta faɗo 0.79.

Na tsorata. Ita ko murmushi ta yi, ta juya cajar ta karanta bayanta.

"Ga ɓarawo na biyu. Wannan ƙarfin wutarta wat arba'in da biyar ne, kuma jabu ce. Na'urarka sittin da biyar take so. In ta ji wutar ba ta isa ba sai ta ƙi gudu."

Ta jona wata ta asali. Lamba ta tashi ta tsaya. Da muka sa aikin fim ɗin sai ta sauko 2.9 ta zauna, na sake tsorata.

"Wannan lafiya ce," in ji ta. "Gudun ƙoli na ɗan lokaci ne. In aiki mai tsawo ne sai ta nemi wanda za ta iya jurewa. In ba ka komai ma za ka ga ta sauka ƙasa, hutawa take, kar ka zo mani da kuka."

Na dubi lokacin da kwamfutar ta rubuta: awa biyu da minti goma. Na karanta sau uku. Kafin magariba fim ya haɗu tsaf. Na sayi cajar dubu goma sha huɗu, kuɗin aikin hannu kuwa ta ce ta yafe albarkacin Bashir. Na kwana a ɗakin baƙinsu bayan tuwon masara da miyar kuka mai man shanu.

Komawa, Alhamis

Bakwai na safe na kama hanya, ɗaya da rabi na rana ina Ƙanƙara. Ban iya jiran Asabar ba. Na tarar da Baba Tsoho a gindin darbejiya, na ajiye masa laftof a kan kujera 'yar tsugunne na kunna. Ya matso da fuska, yana sauraron kansa yana faɗin yadda mahaifinsa ya iso garin da shanu tara. Can sai ya ɗaga sanda ya nuna allon.

"Kai Nura, tsai da shi! Wanga tsoho ƙarya yake, shanu bakwai ne. Biyun na maƙwabci ne."

Matan gida da suka taru a bayanmu suka kwashe da dariya, shi kuma ya ce sam ba za a nuna wa dangi ba sai na sake ɗaukar wurin. Gobe da hantsi za mu zauna.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Bashir, Malam Sanusi da Malama Rabi, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.